Ƙaramar Mota a Tudun Birnin Gwari

Daga Mando, a bakin garin Kaduna, zuwa Birnin Gwari tafiyar kilomita 120 ce da 'yan kai. A takarda awa biyu ta ishi mota. A ƙasa kuwa lissafin yana hannun ramuka, da shingayen jami'an tsaro, da labarin da direbobin da suka fito daga can suka kawo da safe. An yi shekaru babu mai shiga wannan hanya sai ya tambaya, kuma ko yanzu da ƙura ta ɗan lafa, gaisuwar tasha ba ta cika sai an ce, "Yaya hanya?"

Wata safiya da kaka, a cikin wata tsohuwar Golf da aka cusa wa fasinja har gaba, akwai wani matashi da ya ƙi yarda a sa masa kwalinsa a but. Ya biya kuɗin kaya, amma ya rungume abinsa a cinya. Mai gyaran waya ne a Kaduna, haifaffen Birnin Gwari, zai je gaida mahaifiyarsa. Matafiyin da ke gefensa, wanda shi ya kawo wannan labari, ya ɗauka ƙwai ne a ciki. Sai da aka bar gari matashin ya ɗaga murfin kwalin. Mota ce, tsawonta kamar rabin mita, ba gilashi ba ƙofa, sai kejin ƙarfe da tayoyi huɗu manya da suka fi ƙarfin jikinta. Kowace taya an jera mata haƙoran roba a gicciye. A gefe kuma ga rimot mai kunama irin ta bindigar wasan yara, da ɗan sitiyari a jiki.

Ba shi ya ƙirƙiro siffar ba. A waya ya gani, ya kwaikwaya.

Asalin abin yana can Aisilan, tsibirin da ke arewacin tekun Atilantika, ƙasar duwatsu masu aman wuta da baƙin yashi, wadda mutanenta kaf ba su kai rabin miliyan ba. A 1965 aka fara gasar hawa tudu da motocin jif a kusa da Reykjavík, babban birninsu. Daga baya ƙungiyoyin ceto na sa-kai, masu shiga daji neman waɗanda suka ɓace a ƙanƙara, suka riƙe wasan a matsayin hanyar tara kuɗin aiki. Ta garin Hella, a kudancin ƙasar, tun shekarun 1970 take shirya tata gasar. Sannu a hankali jif ɗin ya rikiɗe. Aka cire bodi, aka ƙera keji na bututun ƙarfe, aka ɗora injin Amurka mai silinda takwas, aka haɗa masa iskar da ke ƙara wa fetur kuzari na 'yan daƙiƙoƙi, har wasu motocin suka haura ƙarfin doki 1,000. Aka kuma sa tayoyi masu haƙora da ke yaɓar ƙasa suna watsawa baya. Wasan da ake kira Formula Offroad ke nan, wanda ya bazu zuwa Norwe da Suwidin da Finlan. Filinsa ramin da aka ɗebi yashi ko tsakuwa ne. Ana shata hanya a jikin gangaren da tsofaffin tayoyi, direba ya taso daga ƙasa ya tunkari bangon da mutum ba ya iya hawa da ƙafa, a ba shi maki gwargwadon inda ya kai, a rage idan ya taka alama ko ya ja da baya. Idan mota ta ƙure, sau da yawa da baya take faɗowa tana wuntsila gudi-gudi, direba ya fito daga keji yana ɗaga wa jama'a hannu. Motocin har kan ruwa suke gudu, domin idan tayar ta yi saurin da ya kamata, haƙoran suna marin ruwan su hana mota nutsewa, ta yi ɗaruruwan mitoci a haka.

Waɗanda ba su da kuɗin babbar, ko ba su da zuciyar shiga cikinta, sai suka koma ƙera ƙaramarta, kashi ɗaya cikin goma na girman ta gaske, suna tuƙa ta daga nesa. Kamfanoni irin su Tamiya na Japan, da Traxxas da Axial na Amurka, suna sayar da ƙananan motocin daji da kayan haɗinsu, amma mai son irin ta Aisilan yawanci shi ke haɗa abarsa da hannunsa.

Bayan Buruku hira ta ragu a motar. Haka hanyar take sa mutane. Gonakin masara da dawa suka fara ja da baya, bishiyoyin doka da maje da kaɗanya suka matso bakin kwalta, ciyawa ta fi mutum tsayi. Direba yana kiran sunayen wurare a hankali, kowane suna da abin da aka taɓa yi a wurin. A Kuriga babu wanda ya buƙaci bayani. Nan ne a ranar 7 ga Maris 2024 'yan bindiga suka kwashe ɗaliban makaranta suka shige daji da su, sai bayan fiye da mako biyu aka dawo da yara 137. Wata tsohuwa a baya ta yi salati, aka amsa mata, mota ta wuce.

A wani shinge soja ya leƙo ya nuna kwalin. Matashin ya buɗe. Sojan ya ga rimot da batir da wayoyi, fuskarsa ta canza.

"Tana tashi sama?"

"A'a, Oga. Ƙasa take bi. Ko ƙasan ma sai ta ga dama."

An sa shi ya sauke ta a kwalta ya tuƙa. Ta yi gaba da gudu, haƙoran suna kaf-kaf-kaf, ta juyo ta tsaya cak a gaban takalmin sojan. Aka yi dariya, aka ɗaga sanda. Tambayar sojan dai ba ta wasa ba ce. Tun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa ta hana tashi da jirgi marar matuƙi sai da izini, kuma a yankin da aka sha fama da masu kai wa 'yan daji rahoto, duk abin da ake sarrafawa daga nesa abin tuhuma ne. Wanda zai yi irin wannan wasa a nan sai ya haɗa da iya magana.

Gaba kaɗan aka tarar da darasin farko na hawa tudu, kyauta. Wata gingimari ce maƙare da buhunan masara ta kauce wa wani wawakeken rami ta bi ta jar ƙasa, ta zo haurowa kwalta ta kasa. Tayar baya ta hagu tana ta juyawa a banza tana fesa laka, ta dama kuma, wadda ke kan busasshiyar ƙasa, ko motsi ba ta yi. Yaran mota sun sa weji, suna saro ganye suna cusawa. Matashin ya taɓo matafiyin.

"Malam, ka ga abin da na kashe a tawa."

Yana nufin giyar da ke tsakiyar aksil, wadda ke barin tayar waje ta fi ta ciki gudu a kwana. A kwalta alheri ce. A laka kuwa ita ce ke tura ƙarfin inji gaba ɗaya zuwa tayar da ba ta da riƙo. Shi ya sa motocin daji na gaske suke da makullin da ke ɗaure tayoyin biyu su juya tare, wasu kanikawa ma walda suke yi mata kawai. Shi gam mai ƙarfi ya ɗura a cikin tasa, gaba da baya. Sakamakon shi ne motar ba ta son kwana, amma duk tayar da ta sami ƙasa sai ta yi aiki.

Direban Golf ɗin, wanda bai taɓa jin sunan Aisilan ba, ya ƙara nasa: laifin na mai lodi ne, ya tara kaya a sama kuma a baya, kuma direban ya canza giya a tsakiyar hawa. Wanda duk ya san hanyar nan da damina, in ji shi, tun daga ƙasa yake zaɓen giyarsa, ya taso da ɗan gudu, kada ya ɗaga ƙafa sai ya haye. Wannan shi ne ainihin abin da 'yan gasar can suke yi. Bambancin, su ana ba su kofi, wannan kuwa idan ya kasa, kwana zai yi a dajin da ba a kwana.

Birnin Gwari gari ne na mahaɗa. Hanyar Kaduna ta wuce ta yi Tegina a Jihar Neja ta miƙe kudu har Legas, wata kuma ta ɓalle arewa ta nufi Funtuwa. Ƙaramar hukumar ta fi murabba'in kilomita 6,000, ta yi iyaka da Zamfara da Katsina da Neja, ƙasa ce ta masara da katako da zinariya, kuma waɗannan iyakoki da wannan arziki suna cikin abin da ya jawo mata bala'i. Sarkin garin, Malam Zubairu Jibril Maigwari na Biyu, ya shafe shekaru yana kokawa a bainar jama'a kan halin da talakawansa ke ciki. A ƙarshen Nuwamba 2024 Gwamna Uba Sani ya zo garin bayan sulhun da aka ƙulla da 'yan bindiga, aka sake buɗe kara, kasuwar dabbobin da ta daɗe a rufe. Tireloli sun dawo lodin shanu da hatsi. Mutanen gari suna maganar sulhun da taka-tsantsan, suna godiya ga Allah, ba sa cika baki.

A zauren gidansu matashin ya baje motar a tabarma, ya shiga nuna abin da ke cikinta, kuma a nan labarin ya fi daɗi. Shasin alminiyon ne, ragowar da masu haɗa tagogi suka yar. Kejin siraran sandunan ƙarfe ne da wani mai walda a Panteka ya liƙa masa, yana yi yana tsokanarsa. Duk wanda ya san Panteka ta Kaduna, maƙwabciyar Kwalejin Kimiyya da Fasaha a Tudun Wada, ya san babu abin da ba a ƙerawa a can, daga injin niƙa har gadon asibiti. Injin motar na tsohuwar na'urar huda ƙarfe ce mai batir. Sifirin na cikin biro ya fara gwadawa, suka yi laushi, ya koma wasu masu kauri da ya ciro daga matacciyar firinta, ya zura su a jikin sirinji ya ɗura mai don su rage tsalle. Haƙoran taya kuma tsohuwar tayar babur ya yanka ƙanana-ƙanana, wani mai faci ya taya shi mannawa. Abubuwa uku kacal ya yi oda daga Sin: rimot da abin karɓar saƙonta, da ƙaramin injin da ke juya sitiyari, da allon da ke daidaita wutar da ke zuwa inji.

Batir ne ya fi ba shi wahala. Da farko ya fasa batirin tsohuwar kwamfutar cinya ya ciro ƙwayoyin da ke ciki, waɗanda ake kira 18650, kowace tana ba da bolt 3.7. Ya jera uku, ya sami 11.1. A fili motar tana gudu lafiya, amma da ta tunkari tudu sai ta yi sanyi. Dalili shi ne ƙwayoyin kwamfuta an yi su ne don su ba da wuta kaɗan-kaɗan na tsawon lokaci, alhali inji mai hawa tudu yana zuƙar wuta mai yawa a lokaci guda. Ƙwayoyin da ke cikin batirin na'urar huda su ne masu jure wannan, girmansu ɗaya, halinsu daban. Masu kuɗi suna sayen batirin LiPo, wanda ya fi ƙarfi, ya kuma fi saurin kamawa da wuta idan ya huje ko caji ya yi masa yawa. A gidan da ake caji da janareto ko sola, wannan ba ƙaramin abin lura ba ne. A cikin tsohuwar tukunyar ƙarfe yake cajin nasa, a tsakar gida, bisa umarnin mahaifiyarsa.

Rimot ɗin kuwa a zangon gigahaz 2.4 take magana, zangon da Bluetooth ke amfani da shi, kai tsaye daga hannu zuwa mota, ba ruwanta da layin waya. Wani ƙanensa da ya ji haka ya ce ashe da ta yi aiki ko a lokacin da aka ɗauke sabis. Yana nufin ƙarshen Satumba 2021, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a Birnin Gwari da wasu ƙananan hukumomin jihar na kusan wata biyu, aka hana hawa babur, aka hana sayar da fetur a jarka. Yaran garin da wannan suke auna zamani.

Da la'asar aka fita gwaji, ba nisa, wani rami ne a gefen gari inda aka ɗebi ƙasar gini. Kafin a isa yara sun fi a ƙirga, wasu na jan motocinsu na langa-langa da na kara, masu tayar murfin kwalba da ta tsohon silifa. Wani ya yi wa tasa sitiyari da doguwar waya yana tuƙawa a tsaye, tayoyin gaba suna juyawa tsaf. Wanda ya iya haɗa wannan ya riga ya fahimci rabin abin da ke cikin kwalin.

Hawa na farko ya ba da kunya. Jar ƙasar ta bushe ta yi tauri, ga tsakuwa, haƙoran ba su sami abin yaɓa ba, sai motar ta riƙa tsalle a wuri guda. Da ya ƙara wuta ta ɗaga gaba ta kife ta baya. Yara suka saka ihu. Wani dattijo da ke dawowa daga gona ya jingine kekensa, ya tsaya kallo. Daga baya aka ji cewa ya yi shekaru yana jan a-kori-kura, Fijo 404, tsakanin ƙauyukan Randagi da Kakangi da gari. Ya karɓi motar ya ɗora ta a kan yatsu biyu yana neman inda take daidaita.

"Yaro, nauyinka yana baya. Kai da batirin nan gaba, ka kwantar da shi ƙasa."

"To, Baba."

"Kuma wannan taya ta rafi ce. Ka kai ta yashi."

Duk maganar kimiyyar tana cikin waɗannan kalmomi. Mota tana kifewa ta baya ne idan tsakiyar nauyinta ya zarce inda tayar baya ta taɓa ƙasa. Idan gangare ya ƙara miƙewa, wannan wuri yana ƙara matsowa. Maganinsa a tura nauyi gaba, a sauke shi ƙasa, a kuma ƙara tazara tsakanin tayar gaba da ta baya. Tayar haƙora kuma ba riƙe ƙasa take yi ba, tura ta take yi baya, saboda haka tana buƙatar ƙasa mai laushi da juyi mai sauri. Mai son hawa dutse wata mota daban yake haɗawa, mai tayar roba mai taushi da giya mai nauyi, ta riƙa rarrafe.

Aka ɗaure batirin a gaba da robar tub, aka gangara wani rafi da ruwansa ya janye ya bar gaɓa ta yashi wadda ta fi mutum tsayi. A nan motar ta nuna kanta. Ta taso daga ƙasa da gudu, ta watsa yashi har kan masu kallo, ta haye gaɓar ta dira a sama da ƙafa huɗu. Dattijon bai ce komai ba, ya gyaɗa kai ya ɗauki kekensa.

Matafiyin ya so a je Kamuku. Gandun dajin yana nan yamma da gari, murabba'in kilomita kusan 1,120, an keɓe shi tun 1936 a ƙarƙashin hukumar gargajiya, ya zama gandun ƙasa a 1999. A cikinsa akwai magangarar Dogon Ruwa, da Goron Dutse, ƙaton fa mai santsi da ya tashi shi kaɗai a tsakiyar daji, da Tsaunin Rema inda remaye suka yi gida. An san shi da giwaye da gwanki da gwaggon biri da tsuntsaye iri-iri. A wata ƙasa da irin wannan wuri ne za a riƙa kai baƙi, a gefensa a yanka fili don masu wasan mota. A nan dajin ya haɗe da na Kuyambana a Zamfara, kuma shi ne ya zama mafakar masu garkuwa da mutane. Da aka ambaci zuwa, mutanen zauren suka dubi juna, wani ya ce a bari tukuna. Ba a sake tayar da maganar ba.

Akwai masu ganin duk wannan wasan yara ne, wai saurayi mai sana'a ya ɓata kuɗinsa a kan abin da ba ya ɗaukar ko buhu guda. Ba su yi gaskiya ba. Wanda ya haɗa irin wannan mota ya taɓa walda, ya taɓa lantarki, ya yi lissafin giya, ya gane batir, ya koyi rediyo, kuma kowane kuskure ya gan shi da idonsa a cikin daƙiƙa biyar. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato da ya zana siffar motar lantarki ta Chevrolet Volt a kamfanin General Motors, ya kuma shugabanci hukumar ƙera motoci ta ƙasa daga 2017 zuwa 2023, da zanen motoci da haɗa ƙananansu ya fara yana yaro. Mubarak Muhammad Abdullahi na Kano yana ɗalibin kimiyya a Jami'ar Bayero ya haɗa jirgi mai saukar ungulu a 2007 da injin Honda Civic da tarkacen ƙarfe, duniya ta ji labarinsa. A Kaduna kanta tun 1975 aka fara haɗa Fijo a masana'antar Kakuri. Hannu bai taɓa yin ƙaranci a ƙasar nan ba. Abin da mutanen Hella suka fi mu shi ne rana guda a shekara, da rami guda, da alƙalai masu ba da maki, inda mai gwaji zai ga na wani ya koma gida ya gyara nasa.

Hawa na ƙarshe a ranar bai yi kyau ba. Yara suka nuna wata gaɓa da ta fi ta farko, matashin ya biye musu. Motar ta kai kusan ƙarshe ta tsaya tana tona, ya ƙi sakin kunamar, sai ga ɗan hayaƙi da ƙaurin waya. Injin ya ƙone. Ya taɓa shi ya janye yatsa da sauri. A cewarsa giyar ce ta yi wa injin nauyi: ƙaramin haƙorin da ke bakin inji ya kamata ya ƙara ƙanƙanta, gudu ya ragu kaɗan, zafi ya ragu da yawa. Yashi ma ya shiga ciki, yana buƙatar raga.

A garin babu inda zai sami irin injin, sai ya koma Kaduna ya bi 'yan gwangwan ko a dace da wata matacciyar na'urar huda. Yaron nan mai sitiyarin waya ya roƙi a ba shi ƙonannen, aka ba shi. Kafin a kira magariba ya riga ya fasa shi da dutse ya ciro maganaɗisu biyu da ke ciki, yana ciniki da abokansa a kan ɗaya.